Na'urar karatu ko takarda: yadda na raba littattafaina a Garwa

Duk ma'aikacin gwamnati a Kamaru ya san inda ya yi azumin bana ba lallai nan zai yi na baɗi ba. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a lise, wato babbar makarantar sakandare, kuma kafin a dawo da ni Garwa na koyar a Ngawundare, na koyar a can wajen Mokolo. A kowane tashi, katifa da tukwane ba sa wahalar da ni kamar littattafai. Kwali guda sai ƙarti biyu sun kama kafin ya hau saman mota, yaron mota kuma da nauyi yake yanka kuɗi, ba ruwansa da abin da ke ciki. A tashin ƙarshe na ajiye wasu kwalaye a gidan Kawu a Yelwa, damina ta wuce a kansu. Ranar da muka buɗe, gara ta riga ta shiga ta ƙasa, ta cinye ciki ta bar bango. Har da ƙamus ɗin da na tara kuɗinsa kaɗan-kaɗan tun ina ɗalibi a jami'ar Ngawundare da ke Dang.

Ga kuma wuta. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai ita ce uwar wutar arewa, in ruwanta ya ja baya a bazara sai a shiga rabo, unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage abin, ba su kashe shi ba. Ni kuwa ba ni da lokacin karatu sai bayan isha'i, in yara sun kwanta, na gama duba takardun ɗalibai. In ka kunna tocila a tsakar gida ƙwari su rufe ka, in ka shiga ɗaki zafi ya kore ka. Sai na koma karatu a waya. Kafin in yi nisa idona ya fara yaji da hawaye, caji ya zube, saƙon WhatsApp kuma yana faɗowa a kan layin da nake karantawa, in taɓa shi da niyyar dawowa, shi ke nan daren ya tafi.

Wani abokina likita ne ya fara nuna mini na'urar karatu. Da ya ga na tsaya ina jujjuya ta, sai ya ce, "Malam, riƙe ta har hutu ya ƙare. Gani ya kori ji." Wannan aron shi ne ya fi komai amfani a duk abin da zan faɗa, don da a hoto na gan ta na saya, da zaton da zan yi mata ya fi ƙarfinta.

Fuskarta ba irin ta waya ba ce. A ƙarƙashin gilashin akwai ƙananan ƙwayoyi birjik, kowacce ɗauke da farin gari da baƙin gari, lantarki ke jawo ɗaya sama ya tura ɗaya ƙasa, haka rubutu ke fitowa. In shafi ya zauna, ba ya ƙara cin wuta sai an juya shi, kamar allo ne da malam ya rubuta wa almajiri, rubutun na nan sai ranar da aka wanke. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni. Fitilarta ma ba daga baya take haskowa cikin ido ba, daga gefe take shimfiɗa haske a kan shafin. Da rana tsaka, inda waya ke dushewa sai ka kare ta da hannu, ita nan rubutunta ya fi fita. A daren farko da aka ɗauke wuta na kwanta a tabarma a waje na yi karatu har barci ya zo, ido bai yi zafi ba, ƙwari ma ba su taru sosai ba saboda na rage hasken. A ranar, da mai sayarwa na kusa, da na biya.

Amma kafin in nemi kuɗi sai na zauna da littafin rubutu na jera abin da na karanta a shekarar da ta wuce, in ga nawa ne daga ciki zai shiga wannan aba ya zauna daidai. Nan hoton ya canza.

Tsofaffin littattafan Faransanci da na Ingilishi waɗanda haƙƙin mallakarsu ya faɗi, waɗannan kam na'ura ta yi musu rana. Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971, yana da littattafai sama da 70,000 kyauta. Babban ɗakin karatu na Faransa yana da Gallica, rumbun littattafansa na intanet. Ga mai koyar da tarihin Adamawa wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce: labarin tafiyar Barth, Bajamushen da ya ƙetare Binuwai ya isa Yola a 1851, yana nan a intanet ba ko dala, alhali ban taɓa ganinsa a kantin littafi a arewa ba. Irin waɗannan, in sun zo a tsarin EPUB, rubutun yana bin faɗin fuskar na'urar, ka ƙara masa girma ko ka rage yadda idonka ke so.

Sai dai mafi yawan abin da ke yawo a hannunmu ba EPUB ba ne, PDF ne, kuma galibi hoton shafi ne aka ɗauka. Tsofaffin tambayoyin jarrabawar bak ta gama sakandare, kundin digiri, darussan da abokan aiki ke turowa. Hoto ba ya lanƙwasa. Shafin da aka tsara wa babbar takarda in ya matsu a fuska mai inci 6, rubutun ya koma ƙanana ƙwarai, in ka buɗa shi kuma sai ka yi ta jan shafi hagu da dama, ita kuwa na'urar a hankali take motsi. Taswira ta fi muni. Launin toka hawa 16 ne kawai, don haka taswirar da ta raba yankunan ruwan sama da kore da rawaya da ja sai duk ta zama toka-toka, ba ka bambance Logon da Mayo Kebbi. An fito da masu launi, amma launin ba shi da ƙarfi, kuɗin kuma yana da shi.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne littattafan zaure. Bayan sallar la'asar ina ɗaukar Risala a gaban wani dattijon malami a unguwarmu, irin bugun nan mai rawayar takarda, matani a wuri guda, sharhi ya kewaye shi. Na samu hotonsa a intanet na zuba a na'urar, na tafi da ita. Malam ya karɓa, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya ce, "Allah mai iko. Duk littafin yana ciki?" Na ce, "Allah gafarta Malam, har da wasu ɗari." Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini, ya ce, "To madalla. Abin da zan faɗa maka yanzu fa, a ina za ka rubuta shi?" Ya jawo nasa kwafin ya buɗe. Tsakanin layuka akwai ƙananan rubutu da ajami, wasu da Hausa, wasu da Fillanci, tawada kala biyu. Ya ce mai duhun hannun mahaifinsa ne, ɗayan nasa ne. Gaskiya ne na'ura na ba ka damar ja wa layi alama, har ka buga 'yar magana a gefe, amma ba ta yadda ɗalibi zai sa ma'ana a ƙarƙashin kalma da sauri malam na fassara ba. Karatunmu na zaure a bakin malam yake, takardar wurin ajiyar abin da ya faɗa ce. Tun ranar ban sake kai ta can ba, kuma ban ji na rasa komai ba.

Da na gwada Hausa sai wata matsala ta fito, ƙarama amma mai ɓata rai. A wasu nau'o'in rubutun da ke cikin na'urar, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa da wata siffa daban da sauran, wani lokaci ma ɗan akwati ne ke tsayawa a gurbinsu. Fillanci ma haka, da ŋ da ƴ. Maganin ba wuya: akwai nau'o'in rubutu na kyauta da ƙungiyar SIL ta yi domin harsuna irin namu, kamar Charis da Andika. Ka haɗa na'urar da kwamfuta, ka zuba su a jakar da aka tanada, ka zaɓe su, shi ke nan. Babbar matsalar ita ce littattafan kansu. Na nemi tsofaffin littattafan Hausa da aka buga a Zariya, waɗanda muka taso ana kawo mana daga Yola da Mubi, ban samu ko ɗaya a tsarin da na'ura ke so ba. Hotuna dai na samu, wasu a karkace, wasu da inuwar yatsan wanda ya ɗauka.

Da na zo maganar saye, sai na tarar na'urar ba ita kaɗai ake saye ba, har da kasuwar da ke bayanta. Amazon ta fito da na'urarta Kindle a 2007, kuma an gina ta ne domin ka riƙa sayen littafi a kantinsu. Kobo, kamfanin Kanada da Rakuten na Japan ya mallaka, ita ma tana da nata kantin. Duka biyun katin banki suke nema, irin Visa. Mu kuwa kuɗinmu a asusun waya na Orange Money da MoMo yake kwana. Ana iya yin katin da ake zuba wa kuɗi a banki, na tambaya, amma ga kuɗin kati, ga kuɗin canji, sannan littafin da kansa da Yuro ko Dala aka sa masa farashi. Yuro guda sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya motsi. Sabuwar na'ura mafi araha ba ta kasa Yuro 100 ba, wato sama da sefa dubu 65 tun tana can Turai, kafin kuɗin ɗauko ta da na duwan, wato kwastam. Ga malamin da ke da iyali wannan ba kuɗin da ake fitarwa don marmari ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi farashin damuna. Yawancin littattafan da ake saya a waɗannan kantuna a kulle suke, ba sa buɗuwa sai a na'urar da ke ɗauke da sunan mai saye. A gaskiya izinin karantawa ka saya, ba littafin ba. A 2009 Amazon ta taɓa goge wasu littattafai daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, saboda rikicin haƙƙin mallaka. Ta mayar da kuɗi, ta ba da haƙuri, amma duniya ta ga cewa hannun kamfani na kaiwa har cikin aljihun mutum. A Fabrairun 2025 kuma ta rufe hanyar da mai saye ke sauke littafinsa a kwamfuta ya ajiye. Kusa da mu, manhajar OkadaBooks ta Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a 2023. Kayan aro ba ya rufe katara. Littafin da na saya a kasuwa ko gara ta ci shi, na san nawa ta ci.

Saboda haka na tsai da shawara a kan abu guda: zan sayi na'ura, amma ba zan jingina da kantin kowa ba. Wannan ne ya sa na karkata ga Kobo, don tana karɓar EPUB kai tsaye ta igiya daga kwamfuta. Kindle ma na karɓar EPUB tun 2022, amma sai an aika ta intanet, ko a fara juya shi zuwa wani tsari. A garin da data ke da tsada, layi kuma yana zuwa yana ɗaukewa, igiya ta fi mini.

Ɗan yayata da ke karatu a Faransa na sa ya nemo mini ta hannu. Na ce masa, "Ɗana, abu huɗu za ka duba: ta riƙe caji, fuskar ba ta da tabo ko layin da ya mutu, bakin caji bai yi sako-sako ba, kuma mai ita ya cire sunansa daga ciki." Na ƙarshen nan mutane ba sa kula da shi, alhali na'urar da ke ɗaure da asusun wani tana iya ba ka wahala. Ya samu mai inci 6 da fitila a kusan rabin kuɗin sabuwa. Wani mai dawowa gida ya sako ta a jakarsa har Yawunde, ta hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare a hannun wani abokin aiki, daga nan motar Garwa.

Sauran aikin a kwamfuta ne. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Calibre, ita ce kantar littattafaina yanzu. Tana jera su da sunan marubuci, tana juya rubutun Word ko shafin intanet ya koma EPUB, tana tura su cikin na'ura. Darussan da na rubuta da hannuna duk na juya su, yanzu in zan shiga aji nakan duba su a hanya. Duk abin da ke cikin na'urar akwai kwafinsa a kwamfuta, akwai wani a filas da ke cikin akwatin uwargida. Caji kuwa ɗan faifan sola da muke cajin waya da shi ya ishe ta.

Dole a faɗi gaskiya game da yanayinmu. Masu ƙera waɗannan na'urori ba da Garwa a zuciyarsu suka ƙera su ba. A takardar Kindle an rubuta a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce 40 a inuwa. Zafi na kashe batir a hankali, don haka ba na barin ta a ƙarƙashin kujerar babur, ba na caji da tsakar rana. Da hunturu ƙura na shiga bakin caji, sai na ɗinka mata 'yar jaka mai zif a wurin tela. Abin da ya fi ban tsoro shi ne gilashin ciki, siriri ne ƙwarai, in an zauna a kai ko an matse shi a jaka tsakanin littattafai sai ya tsage daga ciki alhali waje lafiya lau. Na zaga wurin masu gyaran waya a babbar kasuwa don in san matsayina, kowa ya ce bai taɓa buɗe irinta ba. Ranar da ta fashe ta fashe ke nan.

Abin da ban hango ba tun farko, wanda kuma yanzu shi ne ke yanke mini hukunci a kan kowane littafi, shi ne aro. A nan littafi ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗalibaina na zuwa gida ranar Asabar su tsaya a zaure, "Malam, a taimaka mini da wani abin karantawa." Da yawansu ba a taɓa saya musu littafin da ba na jarrabawa ba. Lokacin da Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a 2020, na sayi littafin nata na takarda. 'Yan matan ajin ƙarshe suka karɓe shi, daga wannan hannu zuwa wancan, wata ta karanta wa mahaifiyarta tana fassara mata da Fillanci, ya dawo mini bango a manne da salatif, shafuka sun yi laushi. Ban taɓa jin daɗin lalacewar wani abu nawa kamar wannan ba. Da a na'ura na saye shi, da ni kaɗai na karanta, ko kuwa in ba yarinya na'urar dungurungum da duk abin da ke ciki, wanda ba zai yiwu ba. Na'urar ta sauƙaƙa mini karatu, amma karatun mutum ɗaya ne. A garin da littafi ya yi ƙaranci haka, malamin da ya mayar da duk littattafansa cikin aljihunsa ya rufe wata ƙofa da yara ke shigowa ta cikinta, ko bai yi niyya ba.

Don haka yanzu kafin in sayi littafi nakan tambayi kaina ko akwai wanda zai zo ya roƙe shi. In akwai, takarda zan saya, ko da sai na jira mai zuwa Yawunde ko Duwala. Na sa maƙeri ya yi mini kanta ta ƙarfe, ƙafafunta sun ɗaga daga ƙasa, ba ta jingina da bango ba, kuma duk farkon damina ina sauke littattafan in kakkaɓe in duba. Abin da ni kaɗai zan karanta, tsofaffin littattafan tarihi, dogayen maƙalu, abin tafiya da abin dare, na'ura.

Uwargida ma ta samu rabonta, ta wata hanyar da ban zata ba. Tana bin littattafan marubutan Hausa na Najeriya, waɗanda yanzu da yawansu a WhatsApp suke sayarwa: ka biya, a sa ka a rukuni, a riƙa turo shafuka. Da a waya take karantawa har idonta ya yi ja. Wata rana ta ce, "Malam, wannan abar taka ba za ta ɗauki nawa ba?" Ta ɗauka, har ma sun fi PDF ɗina zama daidai, don rubutu ne zalla, Calibre na juya shi cikin ɗan lokaci. Biyan ne ke da ɗan zagaye, tunda da naira ake karɓa: akwai wani ɗan kasuwa mai zuwa Mubi da ke da asusun banki a can, mu ba shi sefa ya tura. Na san ana samun littattafan nan kyauta, mutum ɗaya ya biya ya watsa wa ɗari. Mu dai mun ce ba za mu karɓa ta wannan hanyar ba. Matar da ta zauna ta rubuta shafi ɗari uku a waya, tsakanin girki da reno, haƙƙinta ba abin wasa ba ne, kuma kuɗin da take nema bai kai na katin data ba.

Yanzu galibi da rana na'urar na hannunta, da dare tana hannuna. Na duba masu babbar fuska, inci 10, waɗanda aka ce PDF na zama a cikinsu yadda ya kamata, amma kuɗinsu ya ninka na tawa sau da yawa, ban ga ranar sayensu ba tukuna. Tambayoyin jarrabawa da taswirori har gobe wurin mai fotokwafi na bakin lise nake kai su, in buga, in raba wa ɗalibai.